Alkawari kaya ne: ina aka kwana kan yarjejeniyar mata ta 1999?

Yau filinmu zai taɓo wani bashi da ke wuyan ƙasarmu tun fiye da shekara 25. Ranar 8 ga watan Oktoba 1999, zamanin mulkin riƙon ƙwarya na Dauda Malam Wanke, Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da kowace irin wariya ga mata, wadda ma'aikata suka fi sani da sunan CEDEF. An zartar da ita ranar 18 ga Disamba 1979, ta fara aiki cikin 1981, kuma ƙasashe 189 sun shiga cikinta. Babu wanda ya tilasta muna. Amurka kanta ta sa hannu tun 1980, amma har yanzu majalisar dattawanta ba ta tabbatar da ita ba. Da ƙafarmu muka je muka ɗauki kayan, don haka ya dace mu tambayi kanmu ko mun kai su inda muka ce.

Da muka shiga, ba mu karɓi yarjejeniyar dukanta ba. Gomnatin lokacin ta ajiye abin da ake ce ma réserve da Faransanci, wato togaciya: na yarda, amma ban da kaza da kaza. Ta toge sassa biyu na aya ta 2, waɗanda suka wajabta ma hukumomi su daina wariya, su kuma soke dokoki da al'adun da ke danne mata, musamman wajen gado. Ta toge wani sashe na aya ta 5 da ke maganar canza ɗabi'un zaman jama'a. A aya ta 15 ta ce ƴancin zaɓen mazauni na mace marar aure ne kaɗai. A aya ta 16 kuma ta toge daidaiton haƙƙi cikin aure da lokacin rabuwa, da shawarar yawan ƴaƴa da tazarar haifuwa, da zaɓen sunan iyali.

Yana da kyau a lura da hujjar da gomnati ta bayar a rubuce. Ba ta ambaci shari'ar Musulunci ba. Cewa ta yi waɗannan sassa sun saɓa ma al'adun da ake bi, kuma al'ada ba ta canzawa da umurnin hukuma, sai da tafiyar zamani, saboda haka ba za a iya aiki da su nan take ba. Kowane ɗan kasuwa ya san ma'anar irin wannan magana: mai bashi bai ce ba zai biya ba, jinkiri ya roƙa. Amma jinkirin da ba shi da wa'adi, a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, sunansa cin bashi. Yarinyar da aka haifa a shekarar da aka rubuta wannan hujja yau uwa ce mai ƴaƴa. Sau uku wakilanmu suka zauna gaban kwamitin masana 23 da ke bin diddigin yarjejeniyar, cikin 2007 da 2017 da 2024, kuma kowane zama maganar togaciyar ba ta rasa tasowa.

Kafin a kai ga gardamar togaciya ma, akwai abin da ba a cika faɗa ma jama'a ba: mafi yawan ayoyin yarjejeniyar mun karɓe su ba tare da wani sharaɗi ba. Ba mu toge aya ta 7 ta shiga harkokin mulki ba, ko ta 10 ta ilimi, ko ta 11 ta aiki, ko ta 12 ta lafiya, ko ta 13 da ke ba mace damar samun rance a banki, ko ta 14 da aka rubuta musamman don matan karkara. Sashe na biyu na aya ta 16 shi ma ba mu taɓa shi ba, alhali shi ne ya ce a ƙayyade mafi ƙarancin shekarun aure, a kuma wajabta rubuta kowane aure cikin rajistar hukuma. Wannan duka bashi ne da wa'adinsa ya cika tun ranar farko.

To, me aka biya a ciki? Kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa ya sa shekara 15 ga yarinya, 18 ga yaro, kuma mafi yawan aurarrakin ƙasar nan ba su ma bi ta kansa, bisa al'ada ake ɗaura su. Binciken ƙasa na 2012 kan jama'a da lafiya ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan da ke tsakanin shekara 20 da 24 an yi musu aure kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15. A jihar Maraɗi abin ya kai kusan tara cikin goma. A watan Disamba 2017 gomnati ta fitar da doka don kare ƴan matan da ke lakwal da tallafa musu su ci gaba da karatu. Mataki ne mai kyau, sai dai yarinyar da ba ta taɓa shiga aji ba, ko wadda garinsu ba shi da kwaleji, ba ta ƙarƙashin wannan inuwa.

Wurin da alkawarin waje ke haɗuwa da rayuwar talaka shi ne gaban alƙali. Dokar tsarin kotuna ta 2004, da wadda ta maye gurbinta a 2018, sun ce a sha'anin aure da saki da gado alƙali ya yi hukunci da al'adar masu ƙara, muddin ba ta saɓa ma yarjejeniyoyin da ƙasa ta tabbatar ba. Ke nan dokarmu ta cikin gida ta buɗe ma yarjejeniyar ƙofa, togaciyar 1999 kuma ta tsaya a bakin ƙofar, daidai kan al'amuran da ake kawowa kotu kullum. Mun ga abin da ke faruwa idan aka bar al'ada ita kaɗai. Hadijatu Mani, daga yankin Ƙwanni, an sayar da ita tana da shekara 12 cikin 1996, aka mai da ita wahaya. Da ta samu takardar ƴanci ta yi auren son ranta, sai wata kotun ƙasarmu ta yanke mata ɗaurin wata shida bisa zargin aure kan aure. Sai da ƙungiyar Timidria da lauyoyi suka kai ƙara kotun CEDEAO, wadda ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce Nijar ta kasa kare ƴar ƙasarta daga bauta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. Alhali dokarmu ta hukunta laifuka ta haramta bauta tun 2003. Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairu 2025. Wannan ya ƙara ma alƙalanmu nauyi, domin abin da a da ake gyarawa a waje yanzu su za su gyara shi.

Mu koma kan gado, tun da shi gomnati ta ambata da suna. Gaskiya ne rabon da Musulunci ya yanke ma ɗiya, rabin na ɗa namiji, bai kai daidaiton da kwamitin CEDEF ke nema ba, kuma wannan magana ce da ke bukatar zama da malamai. Amma a ƙauyuka da yawa abin da ɗiya ke samu daga gonar mahaifinta bai kai rabi ba: ba ta samun komi. Ƴan uwanta maza su riƙe gonar, su ce ita tana gidan wani. A kudancin Maraɗi, inda ƙasar noma ta yi ƙaranci, har gamanar da miji ke yanka ma matarsa tana neman ɓacewa. Wannan bai dace da Alƙur'ani ba, bai dace da dokar karkara ta 1993 da ta ba mace da namiji dama ɗaya kan albarkatun ƙasa ba, bai kuma dace da yarjejeniyar ba. Inda addini da doka da alkawarin waje suka haɗu kan magana ɗaya, wane uzuri ya rage ma hukuma? Ƴan kasuwa su lura, abin ya shafi aljihunsu. Macen da ba ta da takardar gona ko ta fili ba ta da jinginar da banki zai karɓa. Tun 1991 ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro daga Maraɗi, suka nuna mata sun iya adashi da biyan rance kan lokaci. Jarinsu ne aka ɗaure da ƙaramar igiya.

Masu cewa umurnin hukuma ba ya canza komi su duba tarihinmu. Ranar 13 ga Mayu 1991 matan Yamai suka yi zanga-zanga don mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa. Aka ƙara musu kujeru, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar. Majalisar dokokin da aka zaɓa a 1999 mace ɗaya ke cikin depite 83. A watan Yuni 2000 aka kafa dokar kaso, wadda ta ware kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi; a zaɓen 2004 mata 14 suka shiga cikin depite 113. An ɗaga kason zaɓe zuwa 15 a 2014, sannan zuwa 25 a 2019, na naɗi kuma zuwa 30. Cikin 2014 aka ba ƴar Nijar damar bai ma mijinta baƙo takardar zama ɗan ƙasa. Ba a ga sama ta faɗo ba.

Amma tarihin nan yana da ɗayan gefe. Kundin dokar iyali da aka fara shiryawa tun shekarun 1970 ya gamu da adawar ƙungiyoyin addini a farkon shekarun 1990, aka mayar da shi cikin akwati. Daftarin 2011 ma haka ya ƙare. A watan Yuni 2006 majalisa ta ƙi tabbatar da yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin matan Afirka, da ƙuri'a 42 a kan 31. Kowane karo an rubuta takardar da Faransanci cikin ofis, jama'a suka ji labarinta ta bakin masu adawa da ita kafin su ji daga waɗanda suka rubuta ta. Maƙwabta ma suna da darasi. Mali da Najeriya sun shiga CEDEF tun 1985 ba tare da togaciya ba, amma a Bamako zanga-zangar 2009 ta sa shugaba Amadu Tumani Ture ya mai da dokar iyali majalisa, a Abuja kuma majalisar dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaiton dama cikin 2016. Sa hannu mai tsabta bai isa ba.

Hanyar da ta fi kama da tamu ita ce ta Maroko, ƙasar Musulmi mabiya mazhabar Malikiyya kamar mu. Can ma an yi zanga-zangar goyon baya da ta adawa a shekarar 2000. Sarki Muhammadu na shida ya kafa kwamiti da ya haɗa malamai da alƙalai da mata, suka yi muhawara a kan kowace mas'ala da hujjar fiƙihu. A 2004 aka fitar da sabuwar dokar iyali da ta kai shekarun aure 18, ta kuma sa saki ya bi ta gaban alƙali. Sai a 2011, bayan an gyara gida, Maroko ta janye togaciyarta kan aya ta 16. Tunisiya ita ma ta janye nata togaciyoyin cikin 2014.

Abin da muke gani ya kamata hukumomi su yi ba ya bukatar mu'ujiza. Na farko, a fassara yarjejeniyar da togaciyar da shawarwarin kwamitin cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a karanta su a gidajen rediyo. Tun da kundin da aka zartar a watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ba ya kyautuwa alkawarin da aka ɗauka da sunan jama'a ya zauna cikin harshen da mafi yawansu ba su ji. Na biyu, a biya bashin da ba gardama a kansa: a rubuta kowane aure da kowane saki a meri ko wurin hakimin gari, domin macen da ba ta da takarda ba ta da hujja ranar da aka kore ta ko ranar da miji ya rasu, kwamitocin filaye su riƙa rubuta sunan ƴaƴa mata duk lokacin da aka raba gona, a sa kuɗin kwalejoji da gidajen kwanan ƴan mata cikin kasafin ƙasa, kada a jira masu ba da agaji. Na uku, a sa ma kowace togaciya wa'adi, a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. A fara da wadda ta shafi halin hukuma kanta, don ba al'adar da ta ce ofishin gomnati ya bambanta tsakanin ƴan ƙasa. A bi da ta tazarar haifuwa, wadda dokarmu ta 2006 kan lafiyar haifuwa ta riga ta wuce. Masu wuya, irin na gado da saki, a kai su zauren da malamai da sarakuna da alƙalai da ƙungiyoyin mata za su zauna tare, a fili. Aya ta 28 ta sauƙaƙa sauran aikin: wasiƙa ɗaya zuwa ga babban magatakardan Majalisar Ɗinkin Duniya ta isa a janye togaciya.

Tun daga 26 ga Yuli 2023 kalmar da ta fi yawa a bakin shugabanni ita ce ƴancin kai da mutuncin ƙasa. Madalla. Amma mutunci a kasuwa da cika magana ake samun shi, haka yake tsakanin ƙasashe. Kuma wannan bashi ba na baƙi ba ne: waɗanda ke bin mu shi suna Tasawa da Madawa da Mirriya, su ne iyayenmu da ƙannenmu da ɗiyanmu, rabin al'ummar ƙasar nan. Ma'aikacin da ke riƙe da rajista a meri, da alƙalin da ke raba gado, da ɗan kasuwar da zai yanke shawarar ko ɗiyarsa ta ƙare karatu, kowa akwai kason da zai iya biya tun kafin a aika wasiƙar. Allah ya ba mu ikon cika alkawari. Sai mako mai zuwa.