Ra'ayinmu: Kujerar kansila ba ta fi ƙarfin makiyayi ba

Ƴan'uwa makiyaya, tun zaɓen shekarar 2004 da ya kafa majalisu a komin 265 na ƙasar Nijar, yawancinmu jefa ƙuri'a muke yi mu koma ruga, wasu su zauna su yanke mana shawara. Haka aka yi a 2011, haka aka yi a Disamban 2020.

To, me ake tattaunawa a wannan zaure? Harajin kasuwar dabbobi, wanda daga aljihunmu yake fita. Inda za a haƙa rijiya. Kuma magajin gari ne shugaban kwamitin filaye na komin, wato Kofo, mai sa ido a kan burtali da mashaya. Dokar kiwo ta 2010 ta amince wa makiyayi ya yi yawo da dabbobinsa, amma takarda ba ta magana a taro. In babu namu a wurin, sai dai mu dawo mu tarar gero ya tsiro a tsakiyar burtali.

A watan Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe waɗannan majalisu, ta naɗa masu riƙon ƙwarya. Amma duk ranar da aka kaɗa gangar zaɓe, ba za a jira wanda ya tafi kiwo kudu ba. Saboda haka tun yanzu kowane arɗo ya tsaya a yi wa mutanensa takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa. A kuma shirya mutum ɗaya, namiji ko mace, wanda manoman garin ma za su yarda da shi, domin a wurare da dama ƙuri'un ruga kaɗai ba sa kawo kujera.