Tuwon Sallah a ɗaki ɗaya

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, Sallah ta matso, kuma akwai maganar da ke cina tun bara.

Babbar Sallar bara a nan Ibadan ta same mu. Hutun kwana biyu ne kacal, ga babi na uku ana jira in miƙa, sai ni da maigida muka ce mu yi zamanmu. Ana jajibiri sai ga waya: Baffansa na Agege zai zo da iyali, su shida, "tunda ku ne na kusa". Na ce Allah ya kawo su lafiya. To me zan ce?

Nan take na faɗa kasuwar Bodija. Shinkafar tuwo, ta waina, kabewa da alayyahu da gyaɗa na miyar taushe, fulawar cincin, zoɓo, da ɗan nama tunda ba mu samu yin layya ba. Kuɗin da na ware na buga aikina suka tafi, har na ranto a wajen wata 'yar ajinmu. Gas ɗina kai ɗaya ne. In sauke tuwo in ɗora miya, in sauke miya in ɗora tanda. Ko Idi ban je ba. Da aka ci aka sha, matar Baffa ta ce cikin raha, "Amarya, yau ba funkaso?" Na yi dariya, na shige banɗaki na sha kukana.

Wallahi ban riƙe ta ba. Da ma'aunin gida ta auna, ni ma da shi na auna kaina, shi ya sa na ci bashi.

Amma ku tuna yadda ake yi a gida. A gidanmu a Zariya mata biyar ne a tsakar gida, murhu uku, tun dare ake aiki. Ana gamawa kakarmu ta zauna rabo, mu yara mu yi ta jigilar kwanuka zuwa maƙwabta, kuma kwano ba ya dawowa wayam. Funkason da muke ci na gidan Liman ne, alkubus na wata Goggonmu ne. Abinci kala shida da kake gani a tabarma, daga gidaje huɗu ya taru. Babu mace ɗaya da ta taɓa girka shi duka. Mu kuma mun taho Kudu da jerin abincin, mun baro hannayen da ke yin sa, muka jibga wa ɗaliba ɗaya mai ɗaki ɗaya.

Na san wani zai ce baƙo rahama ne, karrama shi addini ne. Haka ne, kuma na ji daɗin ganinsu, yaran sun cika mana ɗaki da hayaniya irin ta gida. Amma layya kanta, da girmanta, mai hali ake nema ya yi. Yaushe funkaso ya zama farilla?

Ku kuma maza, ban manta da ku ba. Walimar Sallah ta ɗalibai, ku tura kuɗi ku ce kun gama naku. Mu ke bakin wuta tun asuba, ku iso bayan azahar cikin shadda kuna ɗaukar hoto. Su ma masu girkin nan suna da jarrabawa.

Bana mu huɗu muka haɗu, kowacce kala ɗaya za ta yi, mu yi musayar kwano. Suya da wanke-wanke na maza ne, maigida ya amsa. Ya kuma kira Baffa tun yanzu, ya ce muna maraba, amma a faɗa mana da wuri, kuma Hajiya ta taho mana da funkasonta. Aka ce ta yi dariya ta ce to.

Ni waina ce rabona. Wadda ke da babbar tanda a Agbowo ko Mokola ta yi min magana don Allah, tawa gurbi bakwai ce.