Sammaci a Laifin Hanya: Ikon Wa Ne?

Malam Edita,

Direbobi da yawa na ɗaukar duk takardar da ɗan sanda ya miƙa musu a bakin titi a matsayin sammaci. A dokar Najeriya ba haka abin yake ba. Sammaci umarni ne na kotu. Alƙali ko majistare ne ke sa masa hannu, da sunan wanda ake tuhuma, da laifin, da ranar bayyana. Aikin ɗan sanda shi ne ya tsayar da direban da ya keta jar danja ko ya bi hannun da ba nasa ba, ya rubuta bayani, ya shigar da ƙara, sannan ya kai sammacin idan kotu ta bayar.

Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, sukan ba da tikitin laifi: direba ya biya tara a asusun gwamnati, ko kuma ya je gaban kotu, wani lokaci kotun tafi-da-gidanka da ke zama a gefen hanya.

Inda gizo ke saƙa shi ne rashin sani. Ɗan adaidaita sahu da aka zare wa makulli, fasinjoji na jira, ya ji an ambaci kotu, sai ya laluba aljihu. Kuɗin nan ba rasit, ba ya shiga baitulmali, laifin kuma bai gyaru ba. Alhali sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi haƙƙin a saurare shi kafin hukunci. Ya wajaba ƙungiyoyin direbobi su riƙa karantar da wannan a tashoshi.

Mai karatu, daga Kano