Daga Gadar Kennedy Zuwa Gonakin Arewa

Duk wanda ya kwana biyu a Jami'ar Abdu Mumuni ya san ranar 9 ga Fabrairun 1990, ranar da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai. Jininsu na cikin abin da ya share hanyar Babban Taron Ƙasa na 1991, kuma a tarukan tunawa da su ne yawancinmu muka fara furta kalmar adalci da babbar murya. Damuwata ita ce da Faransanci muka koye ta, kuma a Yamai muke barinta idan hutu ya zo.

Bara na je wani ƙauye tsakanin Dogon Dutsi da Tibiri ina naɗar Arewanci don kundina. Wani dattijo ya ba ni hira ta awa uku, ina ta murnar jin "hwari" a maimakon "fari", da "na" da "ta" inda littafi ke cewa "ne" da "ce". Da zan tashi, sai ya ciro takarda daga aljihu: hukunci ne kan gonar da ya gada, rubuce da Faransanci. Ya ce, "Ɗana, kai da kay yi lakkwal, mi tac ce?" Shekara biyu yana ajiye da ita, bai san komai a cikinta ba sai abin da tafinta ya taƙaita masa. Da na karanta, na tarar wa'adin ɗaukaka ƙara ya shuɗe tuntuni.

Na komo da sautuka cike da waya, shi kuma na bar shi da takardarsa.

Tun 1964 Abdu Mumuni, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya yi kira da a yi karatu da harsunan Afirka. A Maris na 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Madalla, amma ayyanawa ba ta fassara wa dattijon nan ko layi ɗaya. Wa zai tsayar da kalmomin shari'a da manomin Dallol Mawri zai gane, in ba masu nazarin harshe ba?

Roƙona ga malamanmu shi ne a karɓi fassarar dokar karkara ta 1993, ko ƙaramin ƙamus na kalmomin kotu, a matsayin cikakken aikin kundi mai maki. Ni dai na fara da takardar dattijon. Na fassara ta, na naɗe da murya, zan kai masa bayan girbi.