Martani Ga Masu Rage Wa Peirce Daraja A Fagen Awon Duniya

Duk sa'ad da aka ambaci Charles Sanders Peirce, masanin falsafar nan na Amurka da ya rayu daga 1839 zuwa 1914, sai wasu su yaba masa a mantiƙi, su kuma yi wa shekaru talatin da ya yi a hukumar safiyon gaɓar tekun Amurka kallon hadarin kaji. Zarge-zargen sun daɗe suna yawo, kuma galibinsu ba su da ƙafar tsayawa.

Suna cewa alfarma ce ta ba shi aikin, tunda mahaifinsa Benjamin Peirce ne ya shugabanci hukumar daga 1867 zuwa 1874. Uba ya taimaka, babu musu. To amma wace alfarma ce ta yi aiki a Turai? Cikin aikinsa akwai awon ƙarfin jan ƙasa, wanda a wancan zamani ake yin sa da lilon ƙarfe: a rataye shi, a kaɗa, a ƙidaya kai-komonsa. Inda jan ƙasa ya fi ƙarfi lilon yakan fi sauri, kuma daga bambancin da ke tsakanin wuri da wuri ake gano yadda duniya ta ɗan baje a ƙuryar arewa da ta kudu. Manyan masanan Turai sun sakankance da lilon kamfanin Repsold na Jamus. A taron masana awon duniya na Paris a 1875 Peirce ya ce musu ƙafar da ke riƙe da lilon tana ɗan rangaji tare da shi, rangajin da ido ba ya gani amma yake ɓata lissafi. Ya auna shi, ya fitar da hanyar gyara, kuma a taron Stuttgart na 1877 aka yarda cewa shi ke da gaskiya. Wannan kaɗai ya isa a daina maganar ɗan lele.

Suna kuma cewa shi mai falsafa ne da ya yi ɓatan kai cikin kimiyya. Littafi ɗaya tak nasa na kansa da aka buga yana raye, a 1878, kan auna hasken taurari ne. Ra'ayinsa ma cewa kowane ilimin ɗan Adam yana iya kasancewa ɗauke da kuskure, a ganina gaban lilo ya koyo shi, inda kowane awo ke zuwa da nasa ɗan kuskure.

Sai batun ɓarnar kuɗin gwamnati, wanda ya taso a binciken da aka yi wa hukumar a 1885, wai gwaje-gwajensa ba su tsinana komai ba. Wannan ne ya fi ɓata mini rai. Peirce na cikin na farko da suka gwada ɗaure tsawon mita da tsawon zangon haske, maimakon sandar ƙarfen da ake ajiye a Faransa, wadda zafi da tsufa ke iya taɓawa. Sai a 1960 duniya ta koma kan wannan hanya.

Zargin jinkirta rahoto shi ne mai ɗan tushe: mutum ne mai wuyar sha'ani, ba ya sakin aiki da wuri. Amma babban rahotonsa na 1889 ya miƙa shi. Shugaban hukumar, Thomas Mendenhall, ya nemi ra'ayin Simon Newcomb, mutumin da ya taka rawa wajen raba Peirce da koyarwa a jami'ar Johns Hopkins a 1884. Newcomb ya kushe shi, aka ƙi bugawa, aka kuma nemi Peirce ya ajiye aiki a ƙarshen 1891. Mai zarginsa da rashin rahoto, ya fara tambayar wanda ya kulle rahoton a durowa.