Baƙon Maraɗi ba sai daga Turai ba

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. To, amma raɓar nan tana jiƙa ƙasa, domin kuɗin mai yawon buɗe ido ba hannu guda suke faɗawa ba: mai otal ya samu, ɗan kabu-kabu ya samu, haka mai kilishi da baduku da maroƙi. Shi ya sa ƙasashe irin su Masar da Maroko suka riƙe wannan harka a matsayin ginshiƙin tattalin arziki.

Nijar ma ta ɗanɗana wannan garaɓasa, sai dai ta jingina ta ga Turawa da hamada. A 1991 hukumar UNESCO ta sanya Ayar da Tenere cikin kayan gadon duniya, amma tawayen arewa ya kori baƙi daga Agadas. Kasuwa ta soma farfaɗowa, sai tawayen 2007 ya sake durƙusar da ita. Kisan Faransawa 6 da ƴan Nijar 2 a Kure, cikin watan Agusta na 2020, ya ƙara rufe ƙofa. Duk sana'ar da ta dogara ga baƙon nesa kaɗai, labari guda a gidan rediyo ya isa ya kashe ta.

Maraɗi tana da baƙo na kusa. Katsinawan da jihadi ya fitar daga birninsu su suka kafa sarautarta a ƙarni na 19, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ke nan Bakatsine ko Bagobirin Najeriya da ya tsallako ta Ɗan Isa, tarihin gidansu ya zo gani: fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, fadar Sarkin Gobir, sarautar Iya da ta Inna, da hawan salla. A Jiratawa akwai maginan tukwane da lambunan zogale. A birni akwai dukawa masu aikin fatar jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna har ƙasashen waje. Ga kuma kokowa, wadda ɗan jahar, Kantu, ya fara ɗaukar takobinta a 1975, take kuma cika masaukai duk shekarar da zagaye ya zo garin.

Matsalar ita ce yawancin baƙin fatauci ke kawo su. Su gama ciniki, su juya. Wanda ya kwana biyu ya fi wanda ya wuni amfani ga talaka, kuma ba zai kwana ba sai an tanadar masa abin kallo, da ɗan jagora mai sanin tarihi, da rumfar da zai sayi tulu ko jaka ba tare da dillali ya cinye ribar mai sana'a ba. Sai kuma tsaron hanya da buɗaɗɗiyar iyaka, domin rufewar 2019 da ta 2023 sun nuna yadda kasuwar garin ke bushewa.

A 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Ya rage ga hukumomin gari da sarakuna da alhazan birni su shirya tarbar fasinjansa tun yanzu. In ba haka ba, zai sauke haja, ya koma da kuɗinsa a aljihu, maginiyar Jiratawa kuwa ta ci gaba da kallon robobi suna ƙwace mata kasuwa.