Zuciyar mai biƙi: an daɗe ana kama kanwa, yunwa kuwa tana yawo

A Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, da wuya a sami unguwar da ba a san wannan labari ba. Mace ta haihu lafiya, an yanka rago, maroƙa sun karɓi rabonsu, baƙi sun watse. Bayan sati uku ko wata biyu sai ƙafafunta su fara kumburi, numfashi ya riƙa yi mata wuya in ta ɗauki bokiti, dare ya yi ba ta iya kwanciya sai a jingine da bango, ga tari mai hana barci. Tsofaffin gida su ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka wuta. Mai gida, ko ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, ya ce sha'anin mata ne, ya fita. Ranar da aka kai ta asibiti, ciki ya riga ya cika da ruwa.

Wannan ciwo yana da suna wurin likitoci, kuma ba baƙonsu ba ne. Naman zuciya ne ke raunana a ƙarshen ciki ko cikin watannin da ke biye da haihuwa, har zuciyar ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu da ciki. Ana samunsa ko'ina cikin duniya, sai dai ba daidai wa daida ba. A Amurka ana lissafin mace ɗaya cikin haihuwa 1,000 zuwa 4,000. A Haiti ɗaya cikin 300. A ƙasar Hausa, a wuraren da aka ƙidaya, ɗaya cikin 100 ne ko kusa da haka, kuma babu inda aka sami adadin da ya kai wannan. Don haka tambayar dalili ba ta malaman jami'a kaɗai ba ce, domin amsar da aka ba ta ita ke nuna wanda zai ɗauki nauyin gyara.

Amsar farko daga Zariya ta fito. A shekarun 1970, likitoci biyu na asibitin jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka bi diddigin mata 224 masu wannan ciwo, suka buga sakamakon a 1978. Sun lura cewa matan suna shan kunun kanwa mai yawa, suna wanka da tafasasshen ruwa safe da maraice har kwana arba'in, wasu kuma suna kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, mai riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana sa zuciya ƙara aiki. Suka ce haɗuwar waɗannan biyu ce ke kayar da zuciyar da ta riga ta gaji da ɗaukar ciki. Aiki ne mai kyau a zamaninsa, kuma da gaskiya a cikinsa. A 1979 ma, da aka duba wasu daga cikin matan Zariya da na'urar hoton zuciya, an tarar da yawansu zuciyar na bugawa da ƙarfinta, yawan ruwa ne ya fi ƙarfinta.

Matsalar ita ce yadda wannan bayani ya zama kamar wanda ba a tayarwa. Ya shiga littattafan koyar da likita na Turai da Amurka, ɗalibai suka haddace cewa Bahaushiya na kamuwa da ciwon zuciya saboda al'adarta. Ga mahukunta kuwa babu bayanin da ya fi wannan sauƙin kuɗi. In laifin al'ada ne, maganinsa faɗakarwa a rediyo da faɗan ungozoma a ɗakin awo. Ba ya cin ko dala daga baitulmali.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a nan Nijar aka fara buɗe wata ƙofa dabam. A babban asibitin Yamai, likita Arnaud Cénac da abokin aikinsa Ali Djibo sun shekara da shekaru suna karɓar irin waɗannan mata. A 1992 suka buga wani bincike da suka auna wani sinadari mai suna seleniyom cikin jinin mata 35 masu ciwon, suka gwada da na mata 36 masu shayarwa da ke da lafiya. Jiki ba ya buƙatar seleniyom sai ɗan ƙanƙane, amma in ya rasa shi naman zuciya na rasa wata kariya. Ma'aunin marasa lafiya ya tsaya kan 48, na masu lafiya 77. Mata 14 cikin 35 ɗin nan nasu ya faɗi ƙasa da 45, alhali cikin masu lafiya ko ɗaya ba ta sauka can ba.

Ba haka kawai suka yi tunanin seleniyom ba. A ƙasar Sin akwai wata gunduma mai suna Keshan, inda tun 1935 aka san wani ciwon zuciya mai kashe yara da mata masu shekarun haihuwa. Daga baya aka gane ƙasar noman yankin ce ba ta da seleniyom, hatsin da ke fitowa cikinta ma haka. A tsakiyar shekarun 1970 hukumomin Sin suka gwada ba dubban yara ƙwayar wannan sinadari, ciwon ya ja da baya ƙwarai. Can an ji sakamakon bincike an yi aiki da shi. Nan kuwa sakamakon 1992 ya fito ana tsakiyar riƙon ƙwarya bayan taron ƙasa, hankali duka na kan zaɓe da bashin albashi, sannan a Janairun 1994 darajar sefa ta karye da rabi, kuɗin magani ya tashi. Takardar ta zauna cikin mujallar waje da ba ta zuwa hannun likitan karkara.

Sai bayan kusan shekara talatin aka koma kan maganar da gaske, wannan karon daga Kano. Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa suka tattara bayanan mata 406 daga asibitoci 22 na Najeriya, suka buga a 2020. Mafi yawan matan daga arewa maso yamma suke, wato maƙwabtan Maraɗi da Tawa da Damagaram, masu cin abinci iri ɗaya da yin biƙi iri ɗaya. A Kano suka sami mace ɗaya cikin haihuwa 96. Da suka gwada marasa lafiya da masu lafiya, wankan ruwan zafi da kunun kanwa ba su raba tsakaninsu ba: waɗannan na yi, waɗancan na yi. Abin da ya raba su shi ne rama, da rashin zuwa makaranta, da rashin sana'a, da hawan jini na lokacin ciki. Rama ita ce kan gaba, ta ninka haɗarin fiye da sau goma. Cikin waɗanda aka ci gaba da bi wajen shekara ɗaya da rabi, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu.

Wannan ba wanke kanwa ba ne. Macen da zuciyarta ta riga ta yi rauni, ko mai tansiyo, in aka ɗura mata kunun kanwa safe da yamma an ƙara mata kaya ne bisa kaya, kuma tafasasshen ruwa ya sha ƙone fatar masu biƙi. Haka nan seleniyom bai zama amsar komi ba. A Haiti an auna shi ba a ga ya yi ƙasa ba. A 2016 wani bincike kan mata 172 ya nuna kashi 15 cikin 100 suna ɗauke da wani lahani na gado cikin ƙirar naman zuciyarsu. A Jamus kuma, a 2007, an gano cewa sinadarin da ke kawo ruwan nono yana iya tsinkewa ya zama wani guntu mai cutar da ƙananan jijiyoyin zuciya, abin da ya sa aka gwada maganin tsayar da nono cikin wani gwaji na mata 20 a Afirka ta Kudu, aka buga sakamakon a 2010. Sai dai duk wanda ya san kuɗin gwangwanin madarar jarirai da irin ruwan da za a dama ta da shi a ƙauye, ya san tsayar da nonon uwa a nan ba ƙaramar shawara ba ce. Ciwon yana da ƙofofi da yawa. Amma ƙofar da ta fi faɗi a wannan yanki, bisa abin da Yamai da Kano suka nuna, ita ce ta jikin da bai ƙoshi ba.

Nan ne maganar ta zama ta siyasa. Ƙidayar lafiyar jama'a ta 2012 ta nuna mace a Nijar na haihuwa sama da sau 7 a rayuwarta, kuma uku cikin huɗu na yin aure kafin shekara 18. Yarinyar da ta shiga ɗaki ba ta gama girma ba, tana cin tuwon hatsi da miyar kuka, nama sai ranar salla, ta ɗauki ciki bisa ciki, da wane ajiya zuciyarta za ta yi aiki? A 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar, bayan ta ɗauke na fiɗar haihuwa. Mataki ne da ya ceci rayuka, ko da biyan asibitoci kuɗinsu ya riƙa makara. Amma tsarin ya lura da mace tana da ciki, ya lura da jariri bayan ya fito, ita kuwa uwar daga ranar suna ta fita lissafi. Gwamnatocin farar hula da na soja sun biyo juna, shugabannin Afirka sun sa hannu a Abuja a 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi ga lafiya, manya kuma sun ci gaba da hawa jirgi zuwa Faransa da Maroko da Tunisiya a duba musu zuciya. Kuɗin tafiya ɗaya irin wannan ya isa ya sayi na'urar awon tansiyo ga ɗakunan haihuwa masu yawa.

Abin da ake buƙata na farko ba ya neman sabon gini. Jariri na da allurar rigakafi in ya cika sati shida, daidai lokacin da uwa ke gama arba'in, kuma ita ce ke goyo shi zuwa. Tana zaune bisa benci gaban ma'aikacin lafiya. Minti biyar sun isa a auna mata tansiyo, a ƙirga bugun zuciya, a danna idon sawu a ga ko yatsa ya bar rami, a tambaye ta ko tana iya kwanciya a miƙe. Wadda aka yi shakkarta a tura ta inda ake hoton zuciya. Magungunan fitar da ruwa da na sauƙaƙa wa zuciya aiki tsofaffi ne, ba su cikin masu tsada, kuma da yawan matan da aka kama da wuri zuciyarsu na komawa daidai cikin watanni.

Na biyu aikin jami'o'i ne. Yanzu ana koyar da likita a Yamai da Maraɗi da Damagaram. A Najeriya, cikin wani aiki da aka buga a 2020, an gwada ba mata ƙwayar seleniyom wata uku cikin wani ɗan gwaji na mutum 100, aka ga alamun ciwon sun ragu, amma adadin ya yi kaɗan a yanke hukunci. Babban gwajin da zai raba gardama, wurin da ya fi cancanta a yi shi shi ne nan, inda marasa lafiyar suke kuma inda tunanin ya samo asali. A haɗa da auna ƙasar gonaki da hatsin da ke fitowa cikinta. Kafin nan, ƴan kasuwa su ji da kyau: wannan ba kiran shigo da katan-katan na ƙwayoyi ba ne a baje bisa tebur kusa da maganin ƙarfin maza. Seleniyom in ya yi yawa guba ne, yana zubar da gashi, yana lalata farce da jijiya.

Saura mai gida. Alhajin da ya sayi rago biyu da turmin atamfa goma domin kada a raina shi ranar biki, da ma'aikacin da ya ci bashin albashin gobe don haya kujeru da rumfa, su ne ke riƙe da kuɗin mota zuwa asibiti. Ƙwai da kifi da nama da wake da mai biƙi ke buƙata, tun tana da ciki take buƙatarsu, ba ƙafar saniya ɗaya ta ranar kauri ba. Kuma in likita ya ce zuciyarta ba ta gama warkewa ba, kada ta sake ɗaukar ciki yanzu, maganar ba ta kunya ba ce: ciki bisa zuciyar da ba ta koma daidai ba yana daga cikin abin da binciken ƙasashe dabam-dabam ya yi ittifaƙi a kan haɗarinsa. Sau da yawa matar ta ji wannan gargaɗi a ɗakin likita ita kaɗai, mijin yana waje cikin mota yana jira a miƙo masa takardar magani.